Yadda Za Ka Tace Ra'ayin Masu Ƙaramar Jif Kafin Ka Saya: Girma, Kyan Gani da Shan Mai

Ka tambayi mutum biyu masu mota iri ɗaya, ƙirar shekara ɗaya, injin ɗaya, yadda motar take shan mai. Na farko zai ce maka ba ta sha, sai dai ta lasa. Na biyu zai ce kamar tankinta a huje yake. Babu maƙaryaci a cikinsu. Ɗaya kullum yana kan babbar hanya, tafiyar kilomita 60 ba tsayawa. Ɗayan kuma tafiyarsa kilomita 4 ce cikin cunkoso, injin bai gama ɗaukar zafi ba ya kashe shi. Ra'ayin mai mota ya fi takardar talla daraja, domin shi ne ya zauna da ita rani da damina. Sai dai labarin da yake ba ka, rabi na motar ne, rabi kuma na yadda yake amfani da ita. Aikin mai saye shi ne ya raba biyun, ya mayar da "tana da faɗi" da "tana da kyau" da "ba ta shan mai" zuwa abin da tef ɗin awo da famfon gidan mai za su iya tabbatarwa.

Motocin da ake magana a kansu su ne irin su Toyota RAV4 da ta fara fitowa a 1994, Honda CR-V a 1995, Subaru Forester a 1997, Hyundai Tucson a 2004, Volkswagen Tiguan a 2007, Mazda CX-5 a 2012, da Kia Sportage da Nissan X-Trail da Qashqai. Tsawonsu a yau yana tsakanin mita 4.4 da 4.7. Kusan dukkansu bodi da casis haɗe suke wuri guda kamar na ƙaramar mota, ba a ɗora su kan firam ɗin ƙarfe daban kamar manyan jif na daji ba. Shi ya sa suke da laushin tuƙi da sauƙin mai idan aka gwada su da manyan, shi ya sa kuma ba sa jure abin da manyan suke jurewa.

Tambayoyin da za ka fara yi wa mai motar

Sunan mota kaɗai bai isa ba. RAV4 ta farko mai ƙofa uku tsawonta kusan mita 3.7 ne, ta 2019 kuwa mita 4.6. Tucson da aka fitar a 2020 iri biyu ce: gajera mai mita 4.5 da ake sayarwa a Turai, da doguwa mai kusan mita 4.63 da ake sayarwa a Amurka da wasu ƙasashe. Mutum biyu za su iya yin gardama a kan kujerar bayan Tucson har dare, alhali ba kujera ɗaya suke nufi ba. Akwai kuma mota ɗaya mai suna biyu: X-Trail ta shekarun baya-bayan nan ita ce Rogue a Amurka, Ford Kuga kuma ita ce Escape.

Don haka kafin ka ɗauki maganar kowa, ka san shekarar ƙirar motarsa, girman injinta, irin giyarta, ko taya biyu ke ja ko huɗu, da girman wilinta. Sannan ka tambayi abu uku game da shi kansa. Wace mota ya bari ya koma wannan? Wanda ya sauko daga Land Cruiser zai ce ta matse shi, wanda ya hau daga Yaris zai ce ɗaki ce guda. Wace irin hanya yake bi a mako? Kuma tun yaushe take hannunsa? Mai wata biyu da saye yabo kawai zai yi, don har yanzu yana lallashin zuciyarsa a kan kuɗin da ya kashe. Maganar da ta fi nauyi ita ce ta wanda ya yi shekara biyu ko uku da ita, ya taɓa sauya tayoyi, ya yi babban sabis. Ta fi wannan ma, maganar wanda ya sayar da tasa: tambaye shi dalili.

Ka kuma lura da abin da ake maimaitawa. Ƙorafin mutum ɗaya zai iya zama rashin sa'arsa. Idan mutum goma da ba su san juna ba suka ce giyar tana fizga a cunkoso, to, halin motar ne.

Girma: ka je da tef

Fara da waje. Faɗin da ake rubutawa a takarda, wajen mita 1.85, yawanci ban da madubin gefe ne. Da madubai a buɗe motar ta haura mita 2. Auna ƙofar gareji ko wurin da za ka riƙa ajiye ta, ka bar aƙalla santimita 60 a gefen direba don ƙofa ta buɗe ka fita ba tare da ka goge bango ba. Buɗe ƙofar but har ƙarshe ka auna tsayinta daga ƙasa, domin rufin gareji mai gajarta yana cin fentin bakinta. Tsofaffin RAV4 har zuwa ƙirar 2012 ƙofar bayansu gefe take buɗewa, tana buƙatar fili mai yawa a baya, kuma idan wata mota ta matso kusa ba za ka iya sa kaya ba. Da'irar juyawar motocin wannan ajin kusan mita 11 ce ko sama da haka kaɗan. Wanda yake shiga lunguna ya gwada juyawa ɗaya a matsattsen wuri kafin ya yanke shawara.

Cikin mota kuwa, tsawon bodi ba shi ne ke ba da wurin ƙafa ba. Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya ta fi faɗa maka gaskiya, kuma a wannan ajin tana kai-komo ne a kusa da mita 2.7. Gwajin da ba ya kuskure shi ne wannan: zauna a kujerar direba, daidaita ta yadda za ka yi tuƙi da gaske, sannan ka fito ka zauna a bayanta. Duba ko gwiwarka tana taɓa bayan kujerar, ko ƙafarka tana shiga ƙarƙashinta, ko cinyarka tana kwance a kan katifar kujera. Wannan na ƙarshen shi ne wanda masu saye suka fi mantawa. Idan kujerar baya ta yi ƙasa, gwiwa tana ɗagewa sama, nauyin jiki ya koma kan ƙugu, bayan awa biyu fasinja ya fara mutsu-mutsu ko da wurin ƙafa ya wadata.

Idan mai mota ya ce "tana ɗaukar mutum biyar", tambaye shi su wa. Manya uku a baya suna shiga, amma kafaɗa na gugar kafaɗa, na tsakiya kuma yana zaune a kan tudu, ƙafafunsa a ware saboda ƙullutun da ke tsakiyar daɓen motar. Mai ƙananan yara ya zo da kujerar yaron ya ɗaura ta da hannunsa. Maƙalan ISOFIX, waɗanda ake ɗaure kujerar yaro da su, yawanci a kujeru biyu na gefe suke, kujerun yara uku a jere ba kasafai suke shiga ba, kuma kujerar jariri mai kallon baya tana tilasta a tura ta gaba har babba ya rasa wurin gwiwa. Layi na uku da ake samu a wasu X-Trail da Tiguan Allspace da Mitsubishi Outlander na yara ne da gajeriyar tafiya, kuma da zarar an ɗaga shi but ya kusa ƙarewa.

But shi ne wurin da lambobi suka fi ruɗar mutane, don ba hanya ɗaya ake auna shi ba. A Turai ana jera tubala masu lita ɗaya-ɗaya, kowane santimita 20 da 10 da 5, har zuwa murfin da ke rufe kaya. A Amurka da ƙafa kubik ake lissafi, wato akwati mai ƙafa ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, kuma sau da yawa har rufi. RAV4 ta 2019 an rubuta mata lita 580 a Turai, a Amurka kuma kusan ƙafa 37 da rabi, wanda ya haura lita 1,000. Mota ɗaya ce, but ɗaya. Tiguan ta biyu kujerar bayanta tana zamewa gaba da baya: lita 615 da ake yawan ambata sai an tura kujerar gaba ne, idan tana baya inda mutane za su sake, lita 520 ce. Wasu kuma suna haɗa ramin da ke ƙarƙashin daɓen but cikin lissafi.

Ka bar lita, ka auna abu uku da kanka: tsawon daɓen daga bakin ƙofa zuwa bayan kujera, faɗin da ke tsakanin tudun tayoyin baya biyu, da tsayin bakin but daga ƙasa, tunda har can za ka riƙa ɗaga kaya. Mafi sauƙi, ka zo da abin da kake ɗauka kullum, keken jariri ne ko manyan akwatuna biyu ko keken mara lafiya, ka sa ka rufe ƙofa. Gilashin baya mai kwanciya yana hana ƙofa rufuwa a kan akwati mai tsayi ko da daɓen ya isa. Ɗaga daɓen kuma ka ga abin da ke ƙasa. Wasu safaya cikakkiya ce, wasu siririya wadda ba a wuce kilomita 80 a awa da ita, wasu babu komai sai kwalbar ruwan liƙi da ɗan famfon iska, wanda ba ya gyara tayar da ta yage a gefe.

Fili daban, nauyi daban. A jikin ginshiƙin ƙofa akwai takarda ko faranti mai nuna iyakar nauyin da motar za ta ɗauka. Manya biyar masu kilo 80 sun riga sun cinye kilo 400, abin da ya rage wa kaya sai ka ga bai kai yadda but ɗin ya nuna ba. Masu ƙorafin cewa bayan motar yana zaunawa ko shok yana saurin mutuwa, da yawansu lodi ne ya wuce ƙa'ida.

Tsayinta daga ƙasa yana tsakanin santimita 17 da 22, Forester ce a sama, tana da 22. Wannan awon na motar da babu kowa a ciki ne. Kuma abin da ya fi fara taɓa ƙasa shi ne leɓen bambar gaba, wanda a wasu samfurori an zubo shi ƙasa don ado. Mai jan taya huɗu a wannan ajin yawanci tayoyin gaba ne ke aiki, sai sun fara zamewa a tura ƙarfi baya ta wani kuloci. Yana taimakawa a santsi da taɓo mara zurfi. A cikin yashi mai zurfi kulocin yana zafi, kwamfutar motar ta cire shi don kare shi, ka koma taya biyu a daidai lokacin da ka fi bukatar huɗu.

Kyan gani da abin da yake ci

Ba a gardama a kan abin da ya burge ido, kuma babu laifi mutum ya sayi motar da yake jin daɗin kallo. Abin da ya kamata ka nema a bakin masu ita shi ne me adon ya jawo musu bayan shekara guda.

Wili ne kan gaba. Lambar da ke gefen taya tana faɗa maka kaurin robar da ke tsakanin wili da hanya. A taya 225/65 R17, kashi 65 cikin 100 na milimita 225 ne, wato kusan milimita 146. A 225/55 R19 kuwa kusan 124 ne. Wannan bambancin na santimita biyu shi ne tsakanin mai cewa motar tana haɗiye gargada da mai cewa tana dukan baya, alhali CX-5 ɗaya suke tuƙawa. Babban wili yana da kyau a hoto, amma ya fi nauyi, tayarsa ta fi tsada, ya fi saurin lanƙwashewa ko kumburo taya idan aka faɗa rami, kuma yana ƙara shan mai kaɗan. Ga mai bin hanya mara kyau, inci 17 ya fi 19 alheri ta kowace fuska in ban da kallo.

Sai rufin da aka zubo ta baya da tagogin da aka ƙanƙanta don motar ta yi kama da mai gudu. Zauna a kujerar direba ka waiga ta kafaɗar dama da ta hagu. Idan ginshiƙin baya ya rufe maka rabin layin da ke gefe, kullum sai ka dogara da kyamara da na'urar gargaɗi. Yaro a baya kuma idan tagar ta fi ƙarfin idonsa, ya fi saurin jin jiri da tashin zuciya. Bonet mai tsayi yana ba direba jin isa, amma yana ɓoye abin da ke dab da gaban mota. Ajiye wani abu mai tsayin santimita 90 a gaban bamba, ka riƙa ja da shi baya har sai ka hango kansa daga mazauninka. Tazarar da ka samu ita ce inda ƙaramin yaro zai tsaya ba ka gan shi ba. Wannan gwajin minti biyu ne, kuma duk mai yara a gida ya kamata ya yi shi.

Rufin gilashi yana rage wurin kai da 'yan santimita, yana ƙara nauyi a can sama, yana shigo da zafi, kuma bututan da ke zubar da ruwansa suna toshewa da ƙura har ruwa ya sauko ta ginshiƙi ya jiƙa kafet. Baƙar roba mai sheƙi da ake sawa a gefen giya tana karcewa cikin makonni. Baƙin fenti yana nuna kowace ƙura da kowane layin tsumma. Robar da ke zagaye tayoyi tana kare fenti daga tsakuwa, amma rana tana mayar da ita toka-toka. Fitilun LED na zamani da yawa a rufe suke, ba a sauya ƙwai ɗaya sai fitilar gaba ɗaya. Idan kuma an tura sarrafa na'urar sanyaya cikin allon taɓawa, gwada rage sanyi kana tafiya ka ga sau nawa idonka ya bar hanya.

Shan mai: inda aka fi samun saɓani

Ƙaramar jif ta fi ƙaramar mota mai irin injinta shan mai, kuma dalilin a fili yake: ta fi tsayi da faɗin fuska don haka iskar da take turewa ta fi yawa, ta fi nauyi, tayoyinta sun fi girma. Mai jan taya huɗu ya ƙara da nauyin farfela da giyar baya da gogayyarsu.

Lambar da kamfani ya rubuta daga gwajin ɗakin bincike take. A Turai tsohon gwajin NEDC ya yi suna wajen ba da lamba mai daɗin da ba a samunta a hanya, aka maye gurbinsa da WLTP daga watan Satumba na 2017 ga sababbin samfurori, daga Satumba na 2018 kuma ga duk sababbin motoci. Kada ka gwada lambar motar 2015 da ta 2020 kai tsaye, ma'aunin ya sauya. A Amurka hukumar kare muhalli, wato EPA, ce ke fitar da nata lambobin, kuma da mil a galan. Nan ma akwai tarko: galan na Amurka lita 3.785 ne, na Ingila 4.546. Mai mota a Ingila da ya ce yana samun mil 40 a galan, da na Amurka da ya ce 33, kusan abu ɗaya suke faɗa. Don mayarwa zuwa lita a kilomita 100, raba 235 da lambar Amurka, ko 282 da ta Ingila.

Abin da allon mota ke nunawa ƙiyasi ne, kuma sau da yawa yana yi wa motar alfarma. Ingantacciyar hanya ita ce daga cikon tanki zuwa cikon tanki. Cika tanki har famfo ya katse da kansa karon farko, kada ka ƙara. Mayar da malejin tafiya zuwa sifili. Yi zirga-zirgarka yadda ka saba har mai ya sauka ƙasa da rabi. Koma famfo ɗaya in da hali, motar a tsaye a daidai wuri, ka sake cikawa har katsewar farko. Raba litar da ta shiga da kilomitar da ka yi, ka ninka da 100. Idan lita 42 ta shiga bayan kilomita 480, motar tana shan lita 8.75 a kilomita 100, wato kusan kilomita 11.4 a lita. Tanki ɗaya bai isa hukunci ba, yi uku a jere ka haɗa. Idan an sauya wa motar taya zuwa girman da ba nata ba, malejin kansa ya daina faɗar gaskiya. Duk mai motar da ya ba ka lamba, tambaye shi ta wace hanya ya same ta. "Cikon tanki yana kai ni mako biyu" ba lamba ba ce.

Daga nan sai ka lissafa da tafiyarka. Bambancin lita ɗaya da rabi a kilomita 100, ga mai yin kilomita 15,000 a shekara, lita 225 ne. Ga mai yin 5,000 kuwa lita 75 ne, wanda ba lalle ya biya ƙarin kuɗin injin da ya fi tsada ba.

Irin injin yana da nasa hali, kuma a nan ne hanyar mai motar ta fi tasiri. Injin fetur mai lita 2.0 zuwa 2.5 mara turbo ba shi da lambar burgewa a takarda, amma abin da yake sha bai cika sauyawa sosai ba, kuma gyaransa ya fi sauƙi. Ƙaramin injin turbo mai lita 1.2 zuwa 1.6 yana tsimi matuƙar ƙafarka tana da sauƙi a kan totur. Ka cika motar da mutane, ka hau tudu, ka ba ta wuta, sai ya sha kamar babban injin ko fiye. Shi ya sa a kansa ne ra'ayoyi suka fi rabuwa biyu. Yana kuma son juyen baƙin mai a kan lokaci da irin man da aka rubuta masa. Yanayi ma yana shiga ciki: masu CR-V mai injin turbo 1.5 ƙirar 2017 da 2018 a wurare masu tsananin sanyi sun yi ƙorafin fetur yana gauraya da baƙin mai, musamman a gajerun tafiye-tafiye, har kamfanin ya sabunta manhajar injin. Ƙorafi irin wannan sai ka duba ko yanayinka da tafiyarka sun yi kama da na masu yin sa.

Dizal na mai doguwar tafiya ne. Na zamani yana da matatar hayaƙi a salansa wadda take bukatar tafiya mai ɗan nisa da zafi don ta ƙone tokar da ta tara. A gajerun tafiye-tafiyen gari tana toshewa, fitila ta kama, ƙarfin mota ya ragu. Yana kuma bukatar dizal mai ƙarancin sinadarin sulfa.

Haibirid, mai haɗa fetur da lantarki, ribarsa a cikin gari take, domin yana kashe injin a tsaye, yana kuma mayar da ƙarfin birki cikin batir. Lambobin EPA na RAV4 ƙirar 2020 sun nuna hakan sarai: haibirid mil 41 a galan a gari da 38 a babbar hanya, ta fetur zalla mai jan gaba kuwa wajen 27 a gari da 35 a babbar hanya. A lita, bambancin cikin gari kusan lita 3 ne a kilomita 100, a babbar hanya kuma kusan rabin lita. Mai zirga-zirgar cunkoso zai rantse da ita, mai tafiyar gari zuwa gari zai ce bai ga abin da ake zuzutawa ba, kuma duka biyun sun yi gaskiya. Batirin yana shan iska ta wata kafa kusa da kujerar baya, a kiyaye kada kaya ko ƙura su toshe ta. Wadda ake caji da soket kuwa, lambarta ta takarda tana aiki ne kawai ga mai cajinta kullum. In ba haka ba, nauyin batir kawai yake ja, ga but ya ragu.

Giya ma tana cikin abin da za ka tambaya. CVT, otomatik mara matakan giya, tana tsimin mai, amma tana sa injin ya riƙe ƙara ɗaya idan an taka, kuma ba ta son zafi da jan nauyi da tsohon mai. Mai kuloci biyu tana da sauri a buɗaɗɗiyar hanya, amma irin busasshiyar, wadda kulocinta ba ya cikin mai, tana fizga da ɗaukar zafi idan ana jan jiki a cunkoso. Otomatik ta gargajiya ta fi haƙuri da duka biyun.

Idan mai mota ya ce tasa tana shan mai fiye da na kowa, kafin ka ɗora wa samfurin laifi ka bi waɗannan. Gudu: turjiyar iska tana ƙaruwa da ninkin gudu a kansa, daga kilomita 100 zuwa 120 a awa ta ƙaru da kashi 44 cikin 100, kuma doguwar mota ta fi jin wannan. Ƙarfen ɗora kaya ko akwatin rufi da aka bari a sama ba a amfani da shi. Iskar taya, wadda ake aunawa da safe kafin a yi tafiya, a bi lambar da ke ginshiƙin ƙofa, ba wadda ke jikin taya ba, don ita iyaka ce. Zama a mota da injin a kunne da sanyi na aiki, inda mai ke tafiya maleji bai motsa ba. Birkin da ya riƙe, wanda za ka gane idan wili ɗaya ya fi sauran zafi bayan tafiya. Alaimen da ya kauce, wanda ke cin gefe ɗaya na taya. Na'urar auna iskar salansa da ta gaji. Da kuma tamostat, mai daidaita zafin injin, da ya maƙale a buɗe ko aka cire shi gaba ɗaya: injin ba ya kai zafin aikinsa, kwamfuta tana ɗauka har yanzu a sanyi yake, sai ta ci gaba da zuba mai da yawa.

Ranar gwaji

Ka nemi aƙalla minti 30, ka zaɓi hanyar da ta yi kama da taka ta kullum, ba wadda mai sayarwa ya zaɓa ba. A fara da injin a sanyi don ka ji yadda yake tashi. Mayar da lissafin shan mai na allo zuwa sifili, amma kafin haka ka duba tsohuwar lambar da ke kai, ita ce shaidar yadda mai ita yake tuƙi. Ɗauki mutanen da za su riƙa shiga, su zauna a inda za su zauna. Kashe rediyo. Bi gargada a hankali ka saurari ƙasa, shiga cunkoso ka ji giya, hau tudu da sanyi a kunne, kai gudun babbar hanya ka ji ƙarar iska da ta taya. Sha kwana ɗaya da ɗan gudu cikin aminci, domin doguwar mota ta fi jingina gefe, kuma wasu fasinjoji ba sa jure wannan. Yi ribas ka shiga wurin fakin sau ɗaya da madubi kawai, ba kyamara. Idan mai jan taya huɗu ce, duba cewa tayoyin huɗu iri ɗaya ne kuma cinsu ya yi kusa da juna, domin bambanci mai yawa yana wahalar da kulocin tsakiya. In ta hannu ce, bakanike ya ɗaga ta ya duba ƙarƙashin bamba da murfin ƙasan injin da salansa, nan ne ake ganin ko an bi da ita inda ya fi ƙarfinta.